Mai kwalba ko na dijital: wane tsohon osiloskof ya cancanci wahalar gyara?

Yawancin kayan awon lantarki da ake fitarwa daga ɗakunan gwaji na makarantu, masana'antu da kamfanonin sadarwa ba mutuwa suka yi ba. Wani an daina kai shi saiti na shekara-shekara ne, wani an sayo sabo an rasa inda za a ajiye shi, wani kuwa fis ɗinsa ne kawai ya ƙone aka manna masa takardar "ba ya aiki" aka tura shi lungu. Shi ya sa mai gyaran rediyo, amfilifaya ko inbata da ke neman osiloskof, wato na'urar da ke zana sigina a gilashi ka ga siffarta da idonka, yakan tarar da injuna biyu matattu a gabansa: tsohon analog mai kwalba irin ta tsohon talabijin, na shekarun 1970 zuwa farkon 1980, da kuma na dijital na shekarun 1990. Ido kan na biyun yake tafiya. Ya fi sabunta, ga maɓallai birjik, ga rubutu a fuska. Ni kuwa, muddin sai an yi gyara kafin a mora, na farkon nake cewa a ɗauka, ban da wasu halaye da zan zo kansu.

Dalilina na farko takarda ce. Tektronix, kamfanin da aka kafa a Portland ta jihar Oregon a Amurka a 1946, ya fitar da samfurin 465 a 1972, mai layi biyu, wato ƙofofin shigar sigina biyu, da ke iya nuna sigina har zuwa megahaz 100. Littafin gyaransa na ɗauke da zanen kowace da'ira, da bayanin yadda kowane sashe ke aiki, da ƙarfin wutar da ya kamata mita ta nuna a muhimman mahaɗai, har da hoton siginar da za ka gani in komai lafiya. Jerin kayan ciki ma yana nan, resista ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka rubuta shi sun san wata rana wani zai zauna da mita da dalma ya nemo transisto guda da ya lalace cikin ɗaruruwa, don haka suka share masa hanya. Littattafan kamfanin Hewlett-Packard (HP) na wancan zamanin ma haka suke. Zuwa shekarun 1990 tunanin ya sauya. Littafin gyaran TDS 210 da TDS 220, injunan dijital na Tektronix da suka fito a rabin ƙarshe na shekarun, zai taimaka maka ka gane ko matsalar a fanel ɗin wuta take, ko a babban fanel, ko a fuska, sannan ya ce ka canza fanel ɗin ɗungurungum. Zanen da'ira babu. Fanel ɗin da ake cewa ka saya kuwa an daina yinsa tuntuni.

Saboda haka kafin ka ɗaga kowace na'ura daga inda aka jefar da ita, karanta lambarta ka duba ko cikakken littafinta na gyara yana intanet. Na tsofaffin Tektronix da HP da yawa suna nan, masu sha'awar harkar sun ɗauki hotunansu shafi-shafi sun ajiye. In ka buɗe ka ga zanen da'ira, rabin aikin ya sauka.

Ciwon mai kwalba

Tsohon analog da ya ƙi tashi, mafi yawan lokaci a sashen wuta ciwonsa yake, kuma wannan albishir ne, domin da mita kaɗai za ka iya farautarsa. A 465 akwai layukan wuta na +110, +55, +15, +5 da −8. Layin +55 shi ne ma'aunin sauran, in ya karkace duk su bi shi su karkace, don haka da shi ake farawa. Kafin ma ka jona na'urar da wuta, sa mita a ma'aunin om ka auna tsakanin kowane layi da ƙarfen jiki. In ka ga ɗaya ya faɗo kusa da sifiri, to akwai abin da ya yi shot, kuma wanda ake fara zargi shi ne kafasitan tantalom, ƙananan nan masu siffar ɗigo da launuka masu haske da aka warwatsa a kan fanel-fanel. Halinsu ke nan: su yi shekaru suna aiki ba ƙorafi, rana ɗaya su haɗe ciki su ja layin gaba ɗaya ƙasa. Wani yakan fashe ya bar baƙin tabo, ka gan shi da ido. Wanda bai nuna alama ba, sai ka riƙa cire mahaɗan da ke kai wuta sassa daban-daban har shot ɗin ya ɓace, ka san a wane yanki yake. Wata dabarar ita ce ka tura volt 1 daga wata na'urar ba da wuta mai iyakance kwarara, ka bi kafasitan da ɗan yatsa. Wanda ya ɗumama, shi ne.

Sai manyan kafasitan tace wuta, masu kama da gwangwani. Su bushewa suke yi. Alamar ita ce layin da ke fuska ya yi kauri, ko ya riƙa rawa, ko haske ya riƙa ƙaruwa yana raguwa daidai da bugun wutar gari ninki biyu, haz 100 ko 120. Sa mita a ma'aunin AC ka ɗora a kan kafasitan, in ka ga volt da yawa inda ya kamata a ce ɗan kaɗan ne, ya gama aiki. Sababbin da za su maye gurbinsu sun fi su ƙanƙanta da inganci, wahalar kawai ita ce yadda za ka zaunar da su, da kuma lura cewa ƙafafun gwangwanin wani lokaci su ne ke haɗa hanyoyin ƙasa na fanel ɗin, in ka cire sai ka gada da waya.

Ciwo na biyu datti ne. Makunnan murɗawa na 465 da ɗan'uwansa 475 ba irin na rediyo ba ne: wata 'yar ganga mai tudu da kwari ce ke juyawa tana danna siraran yatsun da aka shafa wa zinare a kan fanel. Shekaru arba'in na ƙura da danshi sukan sa layi ya riƙa tsalle ko ya ɓace in ka taɓa maɓallin. Kada ka kuskura ka sa takardar yashi, kada kuma ka fesa man tsatsa. Yanki ɗan siririn farar takarda, jiƙa shi da barasar goge kayan lantarki, zura shi ƙarƙashin yatsan, murɗa makunnin ya danne, sannan ka ja a hankali. Za ka ga baƙin layi a jikin takardar. Maimaita da sabuwa har ta fito fes. Aikin na cin lokaci, amma injin da aka yanke wa hukuncin juji yakan dawo garau da wannan kaɗai. Transistoci da yawa a waɗannan injuna ma ba da dalma aka kafa su ba, a soket suke zaune, sai ka zare ka gwada ka mayar, ko ka musanya na layi na ɗaya da na layi na biyu ka ga ko matsalar ta bi shi. Samun layi biyu iri ɗaya a inji guda babbar dama ce: mai lafiyar shi ne ma'aunin marar lafiyar.

Inda abin ke da nauyi shi ne kwalbar da wutar da ke tuƙa ta. A 465 ƙarfin da ke harba haske zuwa fuska ya kai wajen volt 18,000, sannan a wuyan kwalbar akwai sama da volt 2,000. Mitar hannu iyakarta volt 1,000 ce ko ƙasa da haka, in ka ɗora ta a nan ka kashe ta, kai ma kana iya tafiya tare da ita. Wutar kuma takan maƙale a ciki bayan an kashe injin an zare filogi. Wanda bai taɓa aiki da tsohon talabijin mai kwalba ba, kada ya fara koyo shi kaɗai a wannan sashe. Ya samu tsinken awo na babbar wuta, ya koyi yadda ake sauke cajin zuwa jikin ƙarfe ta resista, ya riƙa aiki da hannu ɗaya, kuma da wani a kusa. Wannan ba maganar tsoratarwa ba ce. Sannan in kwalbar kanta ce ta gaji, haske ya dusashe ko ya ƙi tattaruwa wuri ɗaya, ko kuma an bar ɗigo guda ya ƙona fuskar, babu gyara. Ba a yin sababbi. Haka ma ƙaramar taransifomar da ke haifar da babbar wutar, sai dai a ciro daga wani injin.

Ciwon na dijital

Na dijital yana da alheri ɗaya da ba za a hana shi ba: yana faɗin inda ke masa ciwo. Da ka kunna zai gwada kansa ya rubuta sashen da ya faɗi gwajin, wasu ma suna ajiye jerin kurakuran da suka taɓa samu. Matsalar ita ce sanin sashen bai kai ka ga magani ba.

Injuna da yawa na farkon shekarun 1990, irin su Tektronix TDS 520 da TDS 540, an cika su da ƙananan kafasita na alminiyam da ake liƙawa a saman fanel. Waɗannan ba bushewa kawai suke yi ba, yoyo suke yi. Ruwan cikinsu ya malalo ƙarƙashinsu ya riƙa cin tagulla a ɓoye shekara da shekaru. Duba dalmar ƙafafunsu da gilashin ƙara girma: maimakon ƙyalli za ka ga ta yi toka-toka, wani wurin da kore-kore. Ka ɗora ƙarfen dalma mai zafi, wari irin na ruɓaɓɓen kifi ya bugi hancinka, to ruwan ya fita. Dole a cire su duka, gommai da yawa, a wanke fanel ɗin tas, a busar, a sa sababbi. Wannan mai haƙuri zai iya. Abin da ke karya gwiwa shi ne ruwan yakan shiga ƙananan ramukan da ke haɗa hanyoyin tagulla daga wani rufin fanel zuwa wani, ya yanke su a inda ido ba ya kaiwa. Nemo yankakkiyar hanya a fanel mai rufi da yawa ba tare da zanen da'ira ba, aiki ne da kan cinye makonni kuma a tashi hannu rabbana.

Sai batun ƙwaƙwalwa. A tsohon analog saitin awo a jikin ƙananan resistoci da kafasita masu murɗawa yake, ko shekara nawa injin ya yi a kashe yana nan. A na dijital lambobi ne a ajiye, kuma sau da yawa batir ne ke riƙe da su. Kamfanin Dallas ya yi wasu ayisi (IC, wato da'irar da aka dunƙule a ƙwaya ɗaya) irin su DS1225 da aka binne batirin a cikin baƙar robar jikinsu, aka yi musu alkawarin shekara 10. Yau sun ninka hakan sau biyu ko uku. Wasu har yanzu suna riƙe, amma ranar da batirin ya saki, saitin ya tafi, injin zai kunna ya zana sigina amma lambobinsa ba abin dogaro ba ne. Sake saita shi na buƙatar kayan awo masu inganci fiye da shi kansa, wani ma sai da tsohuwar manhaja da kwamfuta mai mahaɗin GPIB, wanda ake haɗa kayan awo da kwamfuta da shi. In ka ci sa'a ka samu injin da ƙwaƙwalwarsa ke da rai, abu na farko shi ne ka kwafe abin da ke ciki ka adana, tun kafin ka taɓa komai.

Na uku, zuciyar waɗannan injuna ayisi ne da kamfanin ya ƙera don kansa kaɗai. Wanda ke karɓar sigina a ƙofa, da wanda ke mayar da ita lambobi, babu su a kasuwa kuma ba su da madadi. In wani ya taɓa jona babbar wuta a layi ɗaya ya ƙona ƙofar, shi ke nan wannan layin. A 465 kuwa abin da ke ƙofar transistoci ne da diyod, ana samun makamantansu.

Kada kuma a ɗauka na dijital ba shi da haɗari. Jerin HP 54600 da TDS 500 su ma kwalba gare su, kuma duk injin da ke da sashen wuta na zamani mai saurin kunnawa da kashewa yana da kafasita mai riƙe da sama da volt 300 a ɓangaren da ke haɗe kai tsaye da wutar gari.

Akwai wani rukuni a tsakiya da ke jan hankalin mutane, ya kamata a yi masa kallon tsanaki. Tektronix 2465 da ya fito a farko-farkon shekarun 1980 da megahaz 300, da ƙaninsa 2465B mai 400, suna cikin mafiya kyawun analog da aka taɓa yi, kuma littafinsu cikakke ne da zane. Sai dai ƙaramar kwamfuta ce ke sarrafa su, saboda haka sun gaji ciwon ɓangarorin biyu. Na baya-bayan 2465B na da kafasita masu yoyo a fanel ɗin sarrafawa, suna da ƙwaƙwalwar Dallas, ga kuma wani ayisi na musamman mai lamba U800 da ke tuƙa haske hagu da dama, wanda ya yi suna wajen mutuwa. Inji ne na wanda ya riga ya gyara biyu ko uku. Mai farawa ya nemi 465 ko 475, ko kuma 2213, 2215 da 2235 waɗanda suka fi sauƙin nauyi, ko da yake sashen wutarsu na zamani ne, ya fi na 465 wuyar bi.

Bayan gyara, wane aiki zai yi maka?

A nan ne na dijital ke samun bakin magana. Mai kwalba yana nuna abin da ke maimaita kansa ne kawai. Ga aikin sauti, rediyo, rawar wuta a kan layi, ko murɗa wani abu kana kallon yadda sigina ke amsawa nan take, har yau yana da daɗin aiki ƙwarai, kuma bambancin hasken layin na gaya maka wane ɓangare ne ke faruwa kullum, wane ne jefi-jefi. Amma abin da ya faru sau ɗaya ya wuce, kamar yadda wuta ke tashi a daƙiƙar da aka kunna inji, ko saƙon da ƙaramar kwamfuta ta aika wa wani ayisi, ba zai riƙe maka shi ba. Na dijital zai kama shi ya tsayar, ka auna a natse, har ka ga abin da ya gabaci faruwarsa. In aikinka na irin waɗannan ne, mai kwalba ba zai wadatar da kai ba, komai kyawunsa.

Sai dai a duba lambobin da kyau. HP 54600A an rubuta masa megahaz 100, amma sau miliyan 20 kawai yake ɗibar sigina a daƙiƙa. Megahaz 100 ɗin na siginar da ke maimaituwa ne, wadda yake tarawa kaɗan-kaɗan. Ga abin da ya faru sau ɗaya, iyakarsa wajen megahaz 2. TDS 220 yana ɗiba sau biliyan 1 a daƙiƙa, wanda ya fi nesa ba kusa ba, amma ɗigo 2,500 kacal yake iya ajiyewa. Da ka buɗe lokaci don ganin dogon saƙo sai saurin ɗibar ya faɗi, har ya iya zana maka siginar ƙarya mai jinkiri alhali ta gaskiyar mai sauri ce. Kwatanta da Rigol DS1054Z, ƙaramin inji na masu koyo da ya fito a 2014: layi huɗu, da ajiyar ɗigo miliyan 12. Wannan ne ya sa nake ganin wahalar ceto tsohon dijital mai ciwo mai zurfi ba ta cika biyan kanta ba. Ko ka yi nasara, abin da ka samu sabon ƙaramin inji ya riga ya wuce shi a yawancin ayyuka. Wanda ya gyara 465 kuwa ya fita da abu biyu: inji mai wani hali da sabon bai da shi, da kuma ilimin amfilifaya, da'irar lokaci da sashen wuta da ya kwasa daga littafin yana bin zane da yatsa.

To yaushe za a ɗauki na dijital? In ya kunna, ya ci gwajin kansa, kuma ciwonsa na gefe ne: fitilar bayan fuska ta dusashe, maɓallin murɗawa na tsalle, mahaɗin BNC, inda ake jona tsinken awo, ya saki dalma, fanka ta tsaya, ko sashen wuta na buƙatar sababbin kafasita. Duk waɗannan ana gyara su ba tare da zane ba. In kuwa ya ce sashen ɗibar sigina ya faɗi gwaji, kuma ka buɗe ka ga kore a ƙafafun kafasita, ka san abin da za ka shiga.

Wannan ma'aunin ya shafi mitocin tebur su ma. HP 3478A mita ce mai kyau, amma batir ɗaya na volt 3 ne ke riƙe da saitinta, kuma in za a canza shi dole a ci gaba da ba ƙwaƙwalwar wuta ta wata hanya har a gama, in ba haka ba komai ya goge. HP 34401A da ta biyo baya ba ta dogara da batir wajen ajiye saiti.

Ranar kunnawa ta farko

Ko wanne ka ɗauka, kada ka kai shi gida ka cusa a soket don ɗoki. Buɗe murfin tukuna. Duba makunnin zaɓen wuta ko yana kan 115 ko 230, domin injin da ya fito daga wata ƙasa zai iya ƙonewa a daƙiƙa guda saboda wannan kaɗai. Duba ko fis ɗin daidai yake da abin da aka rubuta a baya. Nemi kafasitan kamfanin RIFA kusa da inda wuta ke shiga, masu jikin roba mai haske ruwan zuma. In ka ga tsage-tsage a jikinsu, danshi ya shiga, kuma za su fashe da hayaƙi mai ɗoyi ba da jimawa ba. Canza su da sababbi masu alamar X2 ko Y2 daidai da wurin da aka cire. Ga inji mai babbar taransifoma irin 465, jera kwan fitila na filamen a kan wayar wuta: in ya haska ya dusashe, lafiya, in ya tsaya da haske sosai, akwai shot, kuma kwan ya kare injin. Wannan dabarar ba ta cika dacewa da sashen wuta na zamani ba, domin ƙarancin wuta na iya wahalar da shi.

In mai kwalba ya tashi amma fuska duhu, danna maɓallin nemo haske. Ɗigo ko layi ya bayyana, to kwalba da babbar wuta na da rai, matsalar a amfilifayar da ke kai haske sama da ƙasa ko hagu da dama take, kuma wannan gyara ne mai daɗi. Daga nan jona tsinken awo a ɗan ƙarfen gwaji da ke gaban injin, wanda ke fitar da sigina mai kusurwa huɗu ta wajen kilohaz 1, ka bi kowane matakin makunni kana kallon ko tsayi da faɗi na sauyawa yadda ya kamata. Kada ka fara murɗa ƙananan resistocin saiti na ciki don neman gyara. Sau da yawa suna nan daidai yadda masana'anta ta bar su, wani abu ne dabam ya lalace, in ka motsa su ka ƙara wa kanka aiki na biyu. Kuma kada ka taɓa yanke wayar ƙasa ta filogin osiloskof don ka samu damar auna ɓangaren wutar gari. Jikin injin gaba ɗaya zai ɗauki wuta. Abin da ake aunawa ne ake raba shi da wutar gari ta taransifomar keɓewa.

In ka tarar da guda biyu iri ɗaya a wurin da ake zubarwa, ɗauki duka ko da ɗayan ya fashe a gefe. Kwalba, taransifomar babbar wuta, U800, makunnan murɗawa da kawunan maɓallai, daga jikin ɗan'uwansa kaɗai ake samunsu. Duba kuma jakar da ke ɗaure a saman murfin, sau da yawa tsinkayen awo na asali suna ciki, wani lokaci har da littafin.